Fizar da babu nama a cikinta: na ci, na kuma karanta bayan kwalin

Rubutun gaban kwali ne ya ja ni: babu nama, babu madara, babu ƙwai, komai daga tsirrai. Ga musulmi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin kayan firigo da ke zuwa daga Turai kullum sai ka tsaya laluben ko akwai alade a ciki. A wani kantin kayan waje nan Damagaram na sami fizar. Mai kantin ya ce, "Hajiya, daga Yamai ake kawo mana, ki gwada wa yara." Jika shida na biya, kuma guda ɗaya ce tal a kwalin.

Da na buɗe leda na tarar da ɓarɓashin ƙanƙara a samanta, alamar ta ɗan saki a hanya ta sake daskarewa. Kayan da ake so su zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ga tafiyar wajen kilomita 900, ga ɗaukewar kuran lokacin zafi. Mai saye ya taɓa kwalin tukuna. In ya ji ya yi laushi ko ya jiƙe, ya haƙura.

A fur ɗin da nake gasa gato na sa ta. Gindin ya gasu da kyau, yana ƙaras-ƙaras, miyar tumatir ɗin ma ba laifi ko da yake zaƙinta ya ɗan yi yawa. Cukun ne ya ba ni matsala. Bai narke ya ja zare ba, sai ya kwanta yana ƙyallin mai, in ka tauna ya manne a dasashi. 'Yan gutsattsarin da aka yi su kamar niƙaƙƙen nama kuwa sun yi daɗi da zafinsu, da suka huce suka yi lagwab. Yara sun cinye tas, har suna neman ƙari.

Jerin kayan haɗin da Faransanci yake, da ƙananan baƙaƙe, sai da na sa tabarau. A dokar Turai, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Bayan fulawa da ruwa da tumatir sai cukun, wanda ashe ruwa ne da man kwakwa da sitacin da aka sarrafa, aka zuba ƙamshi da launi. Kusan babu sinadarin gina jiki a cikinsa, ba kamar cukun nono da Buzaye da Fulani ke kawowa kasuwar Dole ba. Man kwakwa kuma sama da kashi 80 cikin ɗari nasa kitse ne mai daskarewa, irin wanda likitocin zuciya ke cewa a rage. Naman nan na waken suya ne da aka tatse mansa, aka tura garin ta cikin inji da zafi da matsi har ya yi zare-zare. Abin da ke riƙe shi E461 ne (E ita ce lambar da Turai ke ba sinadaran da ake ƙara wa abinci), wanda ake samu daga ɓargon itace ko auduga bayan an sarrafa shi da sinadarai. Yana ƙanƙamewa in ya ji wuta, ya saki in ya huce, kuma dalilin laushin da na ji ke nan. Akwai kuma E407 da ake cirowa daga wata jar ciyawar teku, da E415 mai sa kauri.

Ba na cikin masu cewa duk lambar E guba ce. E414 ƙaron dakwara ne, wanda muke gani a dazukanmu, E330 kuma tsamin nan ne da ke cikin lemun tsami. Waɗanda ke cikin fizar nan duk an yarda a sa su a abinci. Damuwata ita ce abin da tarinsu ke nunawa: abinci ne da aka wargaza aka sake haɗawa a masana'anta. Wani malamin jami'ar Sao Paulo ta Brazil, Carlos Monteiro, shi da abokan aikinsa suka fito da tsarin NOVA tun daga 2009, wanda ya kasa abinci gida huɗu gwargwadon sarrafawa. Gero da wake da zogale na gidan farko, mai da gishiri da sukari na biyu, burodin gidan burodi da kifin gwangwani na uku. Na huɗu shi ne mai kayan da babu matar da ke da su a madafinta, kuma nan fizar nan ta faɗa. A 2019 an yi gwaji a Amurka da mutum 20, aka ga masu cin irin wannan abinci suna ƙara wajen kalori 500 a yini ba tare da an tilasta musu ba. Da na tuna yadda yarana suka yi ta neman ƙari, abin ya tsaya mini a rai.

Gishirin ma abin dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. A kwalin lissafin giram 100 aka rubuta, sai ka ga kamar kaɗan ne. Da na ninka da nauyin fizar duka, ya kusa cinye rabon yini. Maigidana na fama da hawan jini, yanki ɗaya na bar shi ya ci.

Waken suyan nan dai shi ne na awara. Mai awarar unguwarmu jiƙawa take ta niƙa ta tace, ta dafa ta zuba ruwan tsami, shi ke nan. Da jika shida zan sayi awarar da za ta ishi gidanmu da maƙwabta, in kwaɓa fulawa da yis, in yanka tumatir da albasa da tattasai in gasa tawa. Wadda na saya ta kanti tana da amfani ranar da baƙi suka faɗo ba shiri, ko ga wanda nono ke ɓata wa ciki. Amma wanda zai saye ta don an ce ta fi lafiya, ko don ciyar da yara a kai a kai, ban ba shi shawara ba, ni ma ba zan sa ta cikin cefanen wata ba.