Gargaɗi: mai sayar da tantin noman cikin ɗaki ya ci min albashin wata biyu

Jama'a, yau kwana huɗu ina rubuta wannan magana ina gogewa, kunya ta hana ni sakinta. Jiya da dare na ga mutumin ya sake ɗora tallarsa da sabon suna, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su, sai na ga in na ci gaba da yin shiru to da hannuna a cutar wanda zai biyo bayana. Albashina na wata biyu ya ci. Wata biyu cif, a biya uku.

Furanni nake reno, irin da ake kira kirisantimom, shekara uku ke nan ina fama da su a gefen taga. Halin wannan fure shi ne ba ya fitar da toho sai dare ya yi masa tsawo, duhun awa 12 ko fiye, ba tare da wani haske ya ratsa ba. Manoman da ke sayar da shi ma idan suna so su jinkirta furensa, fitila suke kunna masa a tsakiyar dare, shi ke nan ya fasa. Shi ya sa na nemi tanti mai rufewa ruf, da fankar zuƙe iska, da fitila, da ma'aunin danshi, duka a haɗe. Ba ido rufe na faɗa ba. Na san abin da nake nema.

Abin da ya kama ni, wanda har yanzu in na kwanta shi ke dawo min, tambayarsa ce ta farko. Bai fara da kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, iskar da fankar za ta zuƙo, ina za ta fita? In ka sake ta cikin ɗakin, ita tantin zai sake shaƙa." Wallahi gaskiya ya faɗa, haka abin yake. Daga nan na ce ina son babba, shi da bakinsa ya hana ni, ya ce tukwane 16 ba sa buƙatar babba, kar in ɓarnatar da kuɗina. Ku gaya min, ɗan damfarar da ke hana ka kashe kuɗi, ta ina za ka gane shi? "Kar ka ɓarnatar da kuɗinka, yallaɓai." Saƙon muryar yana nan a wayata, na saurare shi ya fi sau ashirin.

Kuma na yi lissafi. Tantin santimita 120 ne faɗi, 120 tsawo, 200 tsayi, wato ɗaukarsa mita kubik 2.88. In ana so a sauya iskar cikinsa gaba ɗaya duk minti ɗaya, ana buƙatar fankar da ke jan kusan mita kubik 173 a awa, sai a ƙara a kai don kowace lanƙwasa a bututu tana rage mata ƙarfi. Ya ce tasa 350 take ja. Na ce ta wadatar har da rara. Na tura rabin kuɗin kafin alƙalami.

A'a, kafin in tura akwai kiran bidiyon. Na ce ya nuna min haske ba ya shiga. Ya shiga tantin da waya a hannu, ya ja zif, allo ya yi baƙi ƙirin, ina jin muryarsa yana cewa, "Ka ga wani abu, yallaɓai?" Na ce ban gani ba. Sai daga baya na gwada da wayata a cikin nawa tantin da ke yoyon haske ta ko'ina, ita ma baƙi ta nuna, don ƙananan huda ba sa fitowa a bidiyon waya. Ko kuma yatsa ya ɗora a kan kyamarar. Ko ma wani tantin ne daban. Amma a lokacin da idona na gani, me kuma zan nema?

Fankar da ta zo ba irin mai ƙarfin turawa ba ce, 'yar ƙarama ce irin wadda ake sa wa a tsakiyar bututu don ta taimaka wa wata. An manna mata takarda mai 350 a kan asalin rubutun da aka kankare. Tanti in fankarsa na aiki, bangonsa yakan ɗan lotsa ciki, alamar iskar da ke fita ta sama ta fi wadda ke shigowa ta ƙofofin ƙasa. Nawa ko motsi. Na kara siririyar takarda a ƙofar ƙasa, ba ta ko kaɗa ba. Na ɗaura jakar leda mai cin lita 100 a bakin bututu. Mai jan 350 da gaske cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai za ta cika ta. Wannan sai da ta yi daƙiƙa 6. Kusan 60 ke nan a awa. An sayar min da 350, an kawo min 60.

Amma duk wannan gwajin sai bayan ɓarna na yi shi, don ma'aunin danshin ne ya kwantar min da hankali. Kullum danshin kashi 55 cikin ɗari yake nunawa, safe 55, dare 55, ni kuwa ina murna don abin da fure ke so ke nan. Sati na uku na buɗe da asuba na tarar bangon tantin yana tsiyayar ruwa. Shuka kusan duk ruwan da ka ba ta ta ganye take fitar da shi, in fitila ta mutu wuri ya yi sanyi sai danshin ya hau, in babu fankar da za ta kwashe shi sai ya zauna a kan ganye kamar raɓa. Abin da fumfuna ke jira ke nan. Toka-toka ta fara daga ganyen ƙasa, ta hau kara. Na kira shi, ya ce ni ne nake cika ban ruwa. Na yarda! Na rage ruwa, na zargi kaina sati guda cur. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Wani abokin aikina ne ya ara min nasa ma'aunin. Na jiƙa gishiri a murfin kwalba, jiƙawar da bai narke duka ba, na rufe shi a leda tare da ma'aunan biyu na kwana ɗaya. A irin wannan rufin danshi 75 yake tsayawa, sanannen gwaji ne. Na aro ya nuna 74. Nawa 55. A cikin tanti da dare na aro ya kai 92, nawa yana nan a 55 ɗinsa. Na ɗauki hoton su biyun gefe da gefe, zan saka.

Na manta ban faɗi biya na uku ba. Bayan na tura cikon kuɗin, wai kaya sun taso, sai ya kira ya ce masu jigila sun ce sai an biya inshora, za a mayar min da ita ranar da kaya suka iso. Nan gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma kuɗina kusan duka suna hannunsa, in na ƙi na yi asarar komai. Na tura. Har yau ba a mayar ba. Da ita ne aka cika albashin wata biyun. Matata ta ce tun ranar ya kamata in ja baya. Baya zuwa ina? Wanda bai ji yadda mutumin nan ke magana a kan iska da danshi ba, ba zai gane ba.

Fitilar kuwa an rubuta mata wat 600, ma'aunin wuta ya nuna 85 take sha.

Sai maganar haske, wadda dominta na sayi tantin tun farko. Tukwane 11 fumfuna ta cinye. Biyar da suka rage na kai su sati tara ina kashe musu fitila awa 13 kullum, babu toho ko ɗaya, sai ganye suke ta yi. Ran nan na kunna fitilar ɗaki, na shiga tantin na ja zif, na zauna minti goma har idona ya saba da duhu. Jama'a, kamar sararin sama da taurari. Duk layin ɗinki huda ne. Zif ɗin babu murfin ƙyalle a bayansa, haske na bin sa daga sama har ƙasa. Bakin da bututu ke fita babu igiyar tsukewa. Ƙyallen da ya rantse mai kaurin 1680D ne, in ka kara tocila a bayansa kana ganin ta. Har soket ɗin da ya ba ni kyauta yana da 'yar jar fitila da ke ci dare da rana a cikin tantin, alhali jan haske ne ya fi kowane katse wa irin wannan shuka darenta. Ina zaune cikin tantin nan muryarsa ke dawo min, "Ka ga wani abu, yallaɓai?"

Da na tura masa hotuna na ce ya mayar min da kuɗina ko in kai ƙara, yallaɓai ta ƙare, na koma malam. Ya rubuto, "Malam, je ka kai, sai ka yi musu bayanin abin da kake shukawa a tanti." Nan na gane sana'arsa. Ya san wasu masu sayen irin wannan tanti wiwi suke nomawa a ɓoye, ko an cuce su ba za su iya buɗe baki ba, shi ya sa yake sayar da tarkace hankalinsa kwance. To ni fure nake reno, ba ni da abin ɓoyewa, duk mai son gani ƙofata a buɗe take. Na kai ƙara, na kai wa banki rasit uku. Shi kuma ya toshe lambata a daren.

Kar ku biya duka kafin kaya su zo hannunku. Duk wanda ya ce inshorar da za a mayar, ku tsaya nan. Kaya na isowa ku shiga tantin da kanku, ku gwada fanka da leda, ma'auni da gishiri, kafin ku sa shuka ko ɗaya.

Hotunan hirarmu, da rasit ukun, da takardar 350 da na ɓanɓare, da saƙon muryar da yake cewa kar in ɓarnatar da kuɗina, duk zan saka su da zarar na rufe lambobin asusuna da ke jiki. Cikin tukwane 11 ɗin nan akwai uku da na rena tun shekarar farko daga reshe ɗaya. Albashin wata biyu, kuma jiya na ƙirga mutum bakwai a ƙarƙashin sabuwar tallarsa suna tambayar yadda za su tura kuɗi.