Epson EcoTank L3250 a ƙaramin ofis: tana rage shara da shan wuta, amma takarda sai an sa mata ido

Duk ofishin da ke aiki da firinta mai katirij, wato kwanson tawada da ake canzawa idan ya ƙare, ya san inda kwanson yake ƙarewa: kwandon shara, daga nan bola, wani lokacin ma a cinna masa wuta tare da ledoji. Epson L3250 ba ta da katirij. Tankuna huɗu ne a gabanta, na baƙi, shuɗi, ja da rawaya, ana ɗura musu tawada daga kwalba mai mililita 65. A kasuwannin Afirka lambar tawadar 103 ce, wadda aka shigo da ita daga Asiya kuma 003. A lissafin kamfanin, kwalbar baƙi guda tana buga shafi kusan 4,500, launuka ukun kuma kusan 7,500. Ko da takardun ofis masu cunkoson rubutu da tambari sun rage wannan adadi, da wuya ofis mai ma'aikata biyar ya zubar da fiye da 'yan kwalabe a shekara.

Inda ta fi burgewa shi ne wuta. Firintar leza sai ta zafafa ƙarfen da ke narkar da hodar tona a kan takarda, shi ya sa take jan ɗaruruwan wat, ƙaramar inbata ta kama kuka da zarar an danna bugu. Ita wannan fesa tawadar take yi ba tare da zafi ba, abin da take ja yayin aiki wajen wat 12 ne. Ofis mai sola da batir ɗaya zai iya buga takardunsa ba tare da an tada janareta saboda shafi uku ba.

Haɗa ta babu wahala. Bakin kowace kwalba tankinsa kaɗai yake shiga, kuma tawadar tana tsayawa da kanta idan ta kai layin sama, ba a matsa kwalbar. Bayan ɗurawa tana ɗaukar kimanin minti goma tana jan tawada cikin bututu. A jona ta da inbata kafin a fara wannan, don idan aka ɗauke wuta a tsakiya iska na iya maƙalewa a bututun.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa masu gyara, bakin kan bugun da ke fesa tawada ne ya toshe. Idan ta yi makonni ba ta aiki, tawada tana bushewa a ƙananan ramukan, sai a ga fararen layuka sun ratsa rubutu. Maganin shi ne buga shafin gwaji mai launuka huɗun sau ɗaya a mako, a rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura, sannan a riƙa kashe ta daga maɓallinta. Idan aka zare waya daga bango kai tsaye, kan bugun ba ya komawa mazauninsa inda ake rufe shi, sai ya kwana a buɗe. Kada kuma a bari tawada ta sauka ƙasa da layin ƙasa na tanki.

Yawan sa firintar ta wanke kan bugun ma yana da illa, kuma masu shago ba su cika faɗa ba. Duk tawadar da aka wanke tana gangarawa cikin wani soso da ke ƙasan injin. Ranar da ma'aunin da ke cikin injin ya nuna soson ya cika, firintar za ta tsaya cak sai an kai ta gyara. Wasu masu gyara sukan mayar da ma'aunin sifiri kawai su bar tsohon soson, bayan wata biyu tawada ta fara malala a kan tebur. A nace a canza soson. Jabun tawada mai arha kuma tana cikin abubuwan da ke jawo toshewar tun farko.

Babban rauninta ga mai son rage ɓarna shi ne ba ta buga gaba da baya da kanta. Sai an buga shafuka masu mara, a juya takardun da hannu, a buga masu cika, kuma ma'aikaci mai sauri ba zai tsaya yin haka ba. Da yake bugun ya yi arha, mutane sukan ƙara sakin hannu, rim mai takarda 500 ya ƙare kafin a ankara. Abin da ke taimakawa shi ne a ajiye kwali kusa da ita don takardun da aka buga gefe ɗaya, a cire musu fil, a mayar da su bugun gwaji da takardun cikin gida. Sikana da ke samanta tana mayar da takarda PDF a tura ta waya, sai dai shafi ɗaya-ɗaya take ɗauka.

Gudunta shafi 10 ne a minti na baƙi, 5 na launi, mazubin takardarta yana ɗaukar 100. Tawadar 103 tana zuba idan ruwa ya taɓa ta, don haka ba ta dace da takardun shaida ko rasit da za su yi yawo cikin damina ba. Ta dace da ofishin lauya ƙarami, ƙungiya, asibitin unguwa ko ofishin shugaban makaranta. Shagon fotokwafi da ke buga ɗaruruwan shafi kullum zai gajiyar da ita. Wanda kuma takarda ce babbar damuwarsa, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki L4260, wadda take juya takarda da kanta, baƙar tawadarta mai lamba 101 kuma ta fi jure ruwa.