Metacritic: makin masu sharhi da ɗan wasan da ke da rabin awa

Tun 2001 shafin intanet na Metacritic yake tattara sharhin jaridu da shafukan wasannin bidiyo, ya haɗa makinsu ya fitar da lamba ɗaya tsakanin 0 da 100. Sai wasa ya samu sharhi huɗu aƙalla kafin lambar ta fito. Daga 75 zuwa sama kore ne, 50 zuwa 74 rawaya, ƙasa da haka ja. Wasu kafafen sun fi wasu nauyi a lissafin, kuma shafin ya ɓoye nauyin kowannensu, wanda a ganina babban naƙasu ne.

Wajen tsame wasan da bai yi ba, shafin yana da amfani ƙwarai. Matsalar tana wajen mai buga wasa rabin awa bayan ya taso daga aiki. Mai sharhi yakan karɓi wasan kyauta tun bai shiga kasuwa ba, ya duƙufa a kai awanni a jere don ya kammala kafin ranar da kamfani ya yarje a wallafa sharhi. Ga na'ura mai ƙarfi, ga hannu ya saba. Maimaici ke gundurarsa, sabon salo ke burge shi. Shi kuwa mai bugawa don nishaɗi, damuwarsa daban ce: zai iya ajiye wasan a duk inda ya tsaya? Akwai matakin sauƙi? In ya yi mako biyu bai taɓa ba, zai tuna aikin maɓallan? Lambar ba ta amsa ko ɗaya.

A Disamban 2020, Cyberpunk 2077 na kwamfuta aka bai wa masu sharhi, makin farko ya yi sama, alhali na PlayStation 4 yana maƙalewa yana rufe kansa, har Sony ta cire shi daga kantinta. Don haka a duba makin na'urar da ake da ita, shafin ya raba su. A kuma sani makin farko na kowace kafa ake riƙewa, ko da an gyara wasan daga baya ko an cusa masa abubuwan saye da kuɗi a cikin wasan.

Makin jama'a, daga 0 zuwa 10, ya fi rauni, domin ba a neman shaidar ka sayi wasan. The Last of Us Part II ya samu 93 wajen masu sharhi a 2020, amma sifili ya yi ta zubowa tun ba a isa a ce an gama shi ba. Bayan nan ne shafin ya sa jinkirin awa 36 daga fitowar wasa kafin jama'a su iya ba shi maki.

Ga mai kwamfuta, sharhin Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ya fi dacewa: sai mai wasan ke rubutawa, ana ganin awannin da ya buga, kuma an ware na kwanan nan. In wasan bai kwanta maka ba, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka haura awa 2 kana bugawa ba.