Ajin taici na intanet: wata huɗu ina bin sa daga tsakar gidana a Mabera, Sakkwato

Ɗiyata ce ta yi mini rajista a wannan aji, bayan likita ya ce gwiwoyina sun gaji da doguwar tafiyar da nake yi bayan sallar asuba, ya kuma ba ni shawarar in nemi motsa jikin da babu tsalle ko durƙuso a cikinsa. Ajin na taici ne, wato wasan nan na mutanen ƙasar Sin da ake yi sannu a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, kuma wata dattijuwa mazauniyar Beijing ce take koyar da shi, ana biyan kuɗi wata-wata a samu darussan da aka naɗa da kuma aji guda na kai tsaye a kowane mako.

A darasin farko ko hannu ba mu ɗaga ba. Malamar ta zauna a gaban wasu tsofaffin hotuna ta karanto salsalar malamanta, abin da ɗiyata ta ɗauka ɓata lokaci ne, alhali ni shi ne ya sa na gyara zama. Salon da take koyarwa na gidan Sun ne, wanda Sun Lutang, mutumin lardin Hebei, ya kafa. Ya riga ya shahara a wasu salon faɗa guda biyu kafin ya koyi taici yana da shekara wajen 50, kuma dalilin koyon nasa jinya ce: wani gwani mai suna Hao Weizhen ya kwanta rashin lafiya a Beijing, Sun ya ɗauke shi ya kula da shi har ya warke, shi kuma ya saka masa da ilimin da yake da shi. Bayan rasuwar Sun a 1933, ɗiyarsa Sun Jianyun tana cikin waɗanda suka riƙe gadon, ta ci gaba da koyarwa har ta rasu a 2003 tana da shekara kusan 90. Malamar tamu ta ce malaminta a hannun wannan baiwar Allah ya yi karatu.

Ga wadda ta tashi a garin da Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta a Hubbare, ɗiya ta gaji ilimin uba ta kuma yaɗa shi ba baƙon labari ba ne, haka ma al'adar malami ya faɗi wurin wanda ya yi karatu kafin ya buɗe baki ya karantar. Ba ina daidaita ilimin addini da wasan motsa jiki ba ne, Allah ya tsare. Abin da nake nufi shi ne, mutumin da ya san daga inda ya ɗebo ruwa ya fi shiga raina a kan masu sayar da darasin lafiya da suka cika wayoyinmu.

Wannan asali ya fito fili a yadda take koyarwa. Salon Sun a tsaye ake yin sa ba tare da an sauke jiki ƙasa sosai ba, kuma duk lokacin da ƙafa ɗaya ta yi gaba sai ɗayar ta biyo ta a kusa, saboda haka nauyi ba ya daɗewa a kan gwiwa guda. A kowace juyawa ana buɗe tafin hannaye a gaban ƙirji daidai faɗin kafaɗu sannan a mayar da su, numfashi yana bin hannun. Mako uku ta riƙe mu a kan wannan takun kaɗai, ta ƙi ƙara komai, har na fara jin haushin kuɗina. Yanzu kuwa ina tashi daga zaman tahiya ba tare da na dafa bango ba, ko da yake ciwon bai rabu da ni ba, kuma ban bar shan maganina ba.

Wata rana maƙwabciyata ta leƙo ta same ni ina yi, ta ce, "Hajiya, wannan rawa ce ko bauta?" Tambayar tana kan hanya. Malamar takan ambaci wani ƙarfi da suka ce yana zagaya jiki, amma babu sunkuyawa ga hoto ko kiran sunan wani abin bauta, don haka na ɗauki takun da numfashin na bar musu falsafarsu.

Inda ajin ya gaza kuwa yana da yawa. Beijing tana gabanmu da awa 7, shi ya sa darasin kai tsaye na ƙarfe 8 na darensu yake faɗowa ƙarfe 1 na rana a Sakkwato, dab da azahar, kuma a watan Afrilu, da zafi yake haura digiri 40, babu mai hankalin da zai tsaya a tsakar gida yana karkaɗa hannu. Malamar da Sinanci take magana, fassarar Turancin da ke ƙasan hoton kuma ta na'ura ce, wani lokaci takan kira gwiwar hannu gwiwar ƙafa. Biyan kuɗin da dala ne, sai da ɗiyata ta sha wahala kafin katin banki ya karɓu, ga data da bidiyon yake lashewa. Mafi muni shi ne gyara: na tura hoton bidiyon takuna, amsa ba ta zo ba sai bayan kwana 12, lokacin da kuskuren ya riga ya zauna a ƙafata.

Na sabunta rajistar, amma ta darussan da aka naɗa kaɗai, waɗanda ɗiyata take sauke mini da dare in yi su da sanyin safiya kafin yara su tashi. Wanda ba ya jin Turanci, ko ba shi da mai zama kusa da shi ya fassara masa, gara ya dakata da biyan kuɗin.