Takardar Jikin Zare: Saƙo Daga Ingila Zuwa Ga Masu Saƙa Da Ɗinki Na Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwana masu kwarashi da tsinken saƙa da keken ɗinki, na Jekadafari da Pantami da Bolari da duk inda saƙon nan ya same ku. Ya gida, ya yara, ya kasuwa? Allah Ya sa wa sana'a albarka.

Daga Bradford nake rubuto muku, wani gari a arewacin Ingila wanda ulu ne ya gina shi. Ginin da ake hada-hadar ulu a cikinsa, wanda aka kammala a 1867, yana nan tsaye a tsakiyar gari, sai dai yanzu littattafai ake sayarwa a ciki. Yawancin masaƙun sun rufe kamar yadda namu na Kaduna suka rufe, amma tarbiyyar zare ba ta bar mutanen ba.

A wani ƙaramin kantin zare na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata dattijuwa ta ɗebo dunƙule shida na zare ruwan toka daga kanta ɗaya, za ta saƙa bargon jika. Mai kantin ba ta karɓi kuɗi ba. Ta riƙa juya kowane dunƙule tana karanta wata ƙaramar lamba a jikin takardar da aka naɗe shi da ita, ta ware biyu gefe, ta shiga ɗakin ajiya ta fito da waɗansu biyu. A ido babu abin da ya raba shidan farko. Ta ce huɗu daga tukunyar rini ɗaya suka fito, biyun kuwa daga wata tukunyar. Sannan ta ƙara mata na bakwai, ta ce idan ba a taɓa shi ba a dawo da shi da rasit a karɓi kuɗi.

Duk wadda ta taɓa kai ƙyalle marina ta san rinin yau da na jibi ba sa zama ɗaya, ko da hannu ɗaya ne ya yi su. Haka yake a masana'anta. Zafin ruwa, da daɗewar zare a ciki, da yadda zaren ya sha rinin, duk suna ɗan sauyawa daga tukunya zuwa tukunya. Shi ya sa takardar ke ɗauke da lamba biyu: ta launi, da ta tukunya wadda za ku gani kusa da kalmar Lot. Ta launi kaɗai ba ta wadatar. A dunƙule ba a ganin bambancin, sai an saƙa an shimfiɗa a rana, sai ga layi ya ratsa bargon, rabi ya fi rabi duhu.

Mu kuwa yaya muke yi? Mu sayi biyu yau, idan mai kaya ta ƙaro kuɗi mu koma mu sayi biyu bayan mako. Mai shago ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Hajiya," mu karɓa. Takardar ma ita muke fara yagewa mu jefar kafin mu nemo bakin zaren. Wallahi kayan bikin suna da yawa sun rage daraja a kan wannan kawai, alhali hannun da ya saƙa su ba shi da laifin komai. A sayi zaren aiki ɗaya gaba ɗaya, a ƙara dunƙule ɗaya a kai. Idan dole ta sa aka haɗa tukunya biyu, kada a jira na farko ya ƙare ƙarƙaf: tun da saura a fara saƙa layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon, har kamar layi goma sha biyu, sai launin ya saje. Ko a ajiye na dabam ɗin don bakin bargo da wuyan riga, inda bambanci ke zama ado.

Takardar nan tana faɗin nauyi da tsawo, kuma tsawon ne abin lura. Stylecraft Special DK, wanda ake yawan saƙa kayan jarirai da shi a nan, giram 100 ne, mita 295. Wani zaren auduga mai nauyi iri ɗaya ba zai kai wannan tsawon ba, don auduga ta fi nauyi. Saboda haka wadda ta ce "dunƙule biyar ke yin bargo" ba ta gama magana ba sai ta faɗi na wane zare. Ƙaramin sikelin kicin yana warware wannan. Idan ragowar zaren ya nuna giram 40, kina da mita 118 ke nan. Idan hannun riga ɗaya ya ci giram 18, kin san ko abin da ya rage zai kai ɗayan tun kafin ki fara.

Sai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun duba ba. Yana cewa a cikin santimita 10 idon saƙa nawa ya kamata a samu. Zaren DK, wato mai matsakaicin kauri, da tsinke mai milimita 4 yakan ba da ido 22. Mai kaurin da suke kira Aran, tsinke mai milimita 5, ido 18. Kafin a fara aiki akan saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, a wanke shi, a bar shi ya bushe a kwance, a aza tef a ƙirga. Ga amfaninsa. Rigar jariri mai kewayen ƙirji santimita 46, bayanta 23 ne, wato ido 51. Idan hannunki mai sako-sako ne, kina samun ido 20 maimakon 22, wannan ido 51 ɗin zai ba ki santimita 25 da rabi, rigar ta ƙaru da santimita biyar, ta kuma ci zare fiye da lissafi. Maganinsa a sauka zuwa tsinke mai milimita 3.75 ko 3.5. Mai matse hannu kuma ta hau sama. Rabin awa ne aikin gwajin nan, warware riga kuwa kwana biyu ne.

Masu koyo a YouTube su kula da wani abin haushi: Ingila da Amurka sunan saƙar kwarashi ɗaya suke kira, amma abin da suke nufi ya bambanta. Abin da Ba'amurkiya ta kira mai ninki biyu, 'yar Ingila mai ninki uku take ce masa. A fara tantance 'yar ina ce mai koyarwar, in ba haka ba hula ta fito rabin tsawonta.

Kada kuma a ruɗu da sunan ulu. Mu komai ulu muke ce masa, alhali mafi yawan wanda ke kasuwanninmu akirilik ne, wato zaren roba. Ulu na gaske gashin tunkiya ne, kuma ba na zafin Gombe ba ne. Ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa irin tamu, sai ya ƙanƙance ya dunƙule, rigar ɗan shekara biyu ta koma ta jinjiri, kuma ba ta dawowa. Akirilik yana jure wanki, amma dutsen guga ajalinsa ne: ya taɓa shi sai ya kwanta ya yi sheƙi ya saki har abada. Idan takarda ta ɓata, a yanki ɗan zare a kunna masa ashana a kan faranti. Auduga tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yana warin ƙonannen gashi, abin da ya bari yana murƙushewa a yatsa. Akirilik narkewa yake yi ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Don yanayinmu, in ban da watannin hunturu, auduga ce ta dace da fatar jariri. Abin yana yi mini ciwo idan na tuna ƙasar Gombe da Kumo ƙasar auduga ce, amma zaren audugar kwarashi mai kyau sai an kawo mana daga waje.

Ta ɓangaren ɗinki kuwa, a nan ne kewar gida ke kama mutum. Babu tela a bakin layi. Rage tsawon wando kaɗai yakan kai fam 10 zuwa 15, kuma sai an ba ka rana. Ki kai atamfa yadi shida ki ce a yi miki riga da siket da ɗankwali, sai a tambaye ki ina takardar yanka, domin yawancinsu ba sa sa almakashi sai sun shimfiɗa zanen takarda sun kafe shi da fil. Telanmu na babbar kasuwa tef ne a wuyansa da alli a hannu, ya dube ki sau ɗaya ya yanka, ta zauna daram. Ƙarar kekuna a goman ƙarshe na azumi, da ƙamshin sabuwar shadda a ƙarƙashin dutsen guga, babu su a nan ko da kuɗi. Ƙyalle ma da mita ake sayarwa. Yadi santimita 91 da ɗoriya ne, don haka yadi shida mita biyar da rabi ne.

Amma idan sun ce Talata, Talatar ce. Awonki a rubuce yake da kwanan wata, kuma santimita ɗaya da rabi da suke bari a bakin kowane ɗinki ba ya sauyawa. Mu kuwa a karɓi ɗinkin mutum hamsin alhali ƙarfin shagon talatin ne, a bar mace tana zarya har daren Sallah. Sukan kuma jiƙa ƙyallen auduga ya bushe kafin yanka, domin yakan ja da kashi uku zuwa biyar cikin ɗari a wankin farko. A doguwar riga mai santimita 140, wannan zai iya kai santimita bakwai.

Allurar keke ma ba a barinta sai ta karye. Bayan kamar awa takwas na aiki akan sauya ta, don bakinta ya dakushe ko da ido bai gani ba, ita ce ke jan zaren ƙyalle tana tsallake ɗinki. Lamba 11 don mayafi da yadi mara nauyi, 14 don atamfa, 16 don shadda mai kauri da jins, sai mai dunƙulen baki don yadin roba. Keken gida irin Butterfly allura mai shafaffen gefe yake ɗauka, na masana'anta kuma mai zagayayyen gindi, ba a musanya su. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin ƙyalle, kada a fara taɓa ƙoshiya: galibi zaren sama ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. A ɗaga ƙafar da ke danne ƙyalle, a sake zura shi daga farko.

Sana'ar kanta a nan ba ta ciyar da gida yadda kuke zato. Mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama ya koma fam 12.21 a watan Afrilun 2025. Bargon da ya ci awa 20 ladansa kaɗai ya haura fam 240, ban da zare, kuma da wuya a sami mai biyan haka. Shi ya sa yawancin mata a nan don nishaɗi suke saƙa, ko su kai kyauta asibiti don jariran da ba su isa haihuwa ba. Wadda ke sayarwa, idan cinikinta ya wuce fam 1,000 a shekara sai ta yi rajista da hukumar haraji. Etsy, shafin intanet na sayar da kayan aikin hannu, yana karɓar santi 20 na dala a kan kowane kaya da aka kafa, da kashi 6.5 cikin ɗari idan an saya, ban da kuɗin karɓar biya. Mai saye ta intanet yana da kwana 14 ya fasa, sai dai in kayan an yi shi ne musamman a kan awonsa. Duk da haka kowacce ta san awa nawa aikinta ya ci. Mu zare kaɗai muke lissafawa, mu ɗora ɗan abu a kai mu kira shi riba, dare uku da aka yi ana saƙa kuma ya tafi kyauta. A rubuta lokacin farawa da na tashi a littafi, a yanka wa awa kuɗi komai ƙanƙantarsa, a karɓi kafin alƙalami da zai sayi zaren duka a rana ɗaya.

Wani abu da nake roƙon mu ɗauka yau-yau shi ne kiyaye ran yaro. Ƙa'idarsu ta hana sa igiya a wuya ko a hular rigar yaron da bai kai shekara bakwai ba. 'Yar tsana da aka saƙa ba ta shiga kasuwa sai ta cika sharuɗɗan kayan wasa, har da jan ido da maɓalli a ga ko za su cire. Mu kuwa muna zura igiya mai tuntu a wuyan rigar jinjiri, mu liƙa duwatsu da gam a kan hula, duk don kyau. Jariri komai baki yake kaiwa. A saƙa ramin maɓalli maimakon igiya, a ɗinke maɓallin da zare riɓi biyu, idon 'yar tsana kuma a yi shi da surfani.

Kowacce za ta iya yin tata takardar. Ɗan kati a jikin kowane kaya: irin zaren, watannin yaron da zai sa, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a kwance kada a rataye, kada a goga. A littafinki kuma ki manna takardar zaren da ɗan guntunsa kusa da sunan mai kaya, don idan ta dawo neman safa ta dace da rigar.

Masu aiko mini da saƙon a taho musu da keke mai kwamfuta, ku yi haƙuri da shawarata. Wutar Ingila da tamu ɗaya ce, har filogin, saɓanin ta Amurka mai ƙarfin 120 wadda kekenta ke ƙonewa a soket ɗinmu. Amma wutar da ke hawa da sauka tana kashe allon cikinsa, kuma mai gyaran baƙin keke ba shi da kayansa. Abin da ya cancanci nauyin akwati shi ne jerin kwarashi masu lamba a jiki daga milimita 2 zuwa 6, da fakitin allurai na Schmetz ko Organ, da ɗan faifai mai ramuka na auna kaurin tsinke, da sikeli mai batir. Dukkansu za su shiga jakar hannu ɗaya.