Zaki da damisa a bangon falona

Wata biyu ke nan da na sayi zane uku a wajen wani mai sayar da tsofaffin hotuna ta intanet: zaki, damisa da muzurun daji. Bai ɓoye min ba, ya ce kwafi ne daga kundin tarihin halittu na Buffon, Bafaranshen da ya fara fitar da littattafansa a 1749 har suka kai mujalladi 36. Jacques de Sève ne ya zana dabbobin.

Kaya sun iso tasha cikin kwana biyar, a naɗe cikin kwali mai kamar bututu. Na muzurun ya zo da lanƙwasa a kusurwa, na aika hoto, aka ce in yi haƙuri, shi ke nan. Wannan ya ɓata min rai.

Amma bugun ya fita, tubarkalla. Asalin aikin a kan farantin tagulla ake sassaƙa shi, a cika ramukan da tawada, a goge saman, sannan a danne da takarda mai danshi. Sai da na ɗauko tabaran Baba na ƙura wa damisar ido, na ga ashe inuwar cikinta siraran layuka ne da suka gitta juna kamar saƙar tabarma. Na asali yana da shatin farantin a gefe, har yatsa na jin sa. Nawa sumul yake, don haka kada wani ya sayar muku da irinsa da sunan kayan tarihi.

Zakin ne dai na kasa sabawa da shi. Manyan dawa guda, amma ya tsaya shiru kamar kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Masu zanen wancan zamani yawanci dabbar keji ko busasshiyar fata suke kallo. Damisa kuwa ƙi sabo ce ko a takarda.

Da na kai wa mai firam a Sabon Gari, ya ce, "Malam, a sa gilashi a liƙe bayan, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta gama da su." Na bi shawararsa.

Ranar da muka rataya, 'yata ta tambaye ni ko akwai zaki a dajin Falgore. Na ce mata a Nijeriya sai dai a yi zancen Yankari da Kainji. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa kusan 400 suka rage a duk Afirka ta Yamma. An ƙwace musu daji, mafarauta sun cinye abincinsu, in sun taɓa shanu a zuba musu guba. Dokar hana cinikin irin waɗannan dabbobi tana nan tun 1985, amma ni da idona na ga fatar damisa a rataye a kasuwa.

Zan ƙara saye, amma sai mai kayan ya yarda zai sauya in ya zo da lahani. Yarinyar kuwa ta ɗaure ni da alkawarin zuwa Gidan Zoo ranar Asabar, wai za ta gwada fuskar zakinsu da ta namu.