Wahoo KICKR Core: tuƙa keke a cikin ɗaki

Wanda ke da keke mai kyau a gida, ban ga dalilin da zai sa ya zuba kuɗi a kan keken ɗaki na zamani mai tsada ba. KICKR Core, na'urar kamfanin Wahoo da ake ɗora keke a kai don a tuƙa shi a cikin ɗaki, ta ishe shi. Ni da ita nake motsa jiki tun da sanyin Ingila da saurin faɗuwar rana suka hana ni fita da yamma.

Tayar baya za ka cire, ka ɗora keken a kan na'urar, sarƙa ta zauna kan haƙoran giyar da ke jikinta. Taya ba ta gogar komai, don haka ba ta cinyewa, ƙara kuma kaɗan ce. Maƙwabcina na ƙasa bai taɓa ƙorafi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa na'urar ta Bluetooth da manhajar Zwift, wadda ke nuna maka hanya a allo kamar kana tuƙi a waje. Da hanya ta fara hawa a allo, sai feda ta yi nauyi a ƙafarka, har zuwa tudu mai kashi 16 cikin ɗari. Wallahi cinya tana ji a jikinta.

Kafin ka biya, tambayi mai shago ko haƙoran giya na cikin kwali, domin wani samfurin sai an saye su daban. Zwift biyan kuɗi ake yi duk wata, kuma sai da intanet. Na'urar ta kai kilo 18, tana kuma buƙatar wutar lantarki.

Fanka babba wajibi ce. Babu iska a ɗaki, gumi zuba yake, gishirinsa kuma yana cin ƙarfe, saboda haka kullum tawul nake rufawa a kan keken.